Damin Irin Baba Tsoho

Damina biyar ke nan da rasuwar kakana Malam Iro, wanda mu jikokinsa muke kira Baba Tsoho. Ina firamare ya rasu, yanzu ina sakandare a Wudil. Ni ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Gonarsa tana dab da gidanmu, a wani ƙauye cikin Indabo. Ranar girbi, kafin kowa ya taɓa gero, shi yake fara shiga shi kaɗai. Yana tafe yana shafa zangarniya, wadda ta cika har baki ya yanke ya miƙo min. "Amarya, riƙe da kyau," in ji shi, don haka yake tsokanata. "Wannan ba na tuwo ba ne, ko kin yi min yaji." Daga nan sai a ɗaure dami guda a rataye a madafi, inda hayaki zai kore masa ƙwari. Wannan shi ne iri. A wajen mahaifinsa ya gaje shi, kuma bai taɓa sayen na kasuwa ba.

Bai ga zuwan masu awon fili ba. Bayan rasuwarsa ne suka zo suka kafa turakun siminti, aka ce wani kamfani zai shimfiɗa farantan sola. Mutanen garinmu ba su ƙi wuta ba. Abin da suka roƙa shi ne a matsa can wajen fako, a bar ƙasar da ake ci daga gare ta, a kuma nisanta daga gidaje. Babana yana cikin waɗanda suka yi ta zirga-zirga gun dagaci da hakimi. Na ga ranar da maza suka zauna a kunyoyi suka ƙi tashi, mata suna kai musu ruwa. Na kuma ga ranar da aka tumɓuke gawon tsakiyar gona, balbelu suna ta kewaya wurin har magariba.

Yanzu shingen waya ne a inda muke shanya barkono. Da hantsi farantan suna ƙyalli har cikin ɗakin Inna, sai ta saki labule. Ƙanin Babana yana gadi a cikin shingen. In sun haɗu da Baba a masallaci gaisuwarsu ba ta da tsawo. Nakan tambayi kaina me Baba Tsoho zai ce. Ina jin da zai tsaya ya kalli farantan, don yana son sabon abu, shi ya fara sayen fitilar sola a layinmu. Amma tambayarsa ta farko ita ce a ina aka shuka irin bana.

Ba a shuka ba. Damin da ya ɗaure da hannunsa yana nan a rataye, ya yi baƙi. Duk damina Inna takan ce, "Malam, a sauke irin nan mana, ko a gonar aro ne." Baba ya ce, "In na kai shi gonar wani, na yarda ke nan sun ci. Gonar mahaifina zai koma." Ya riƙe shi kamar shaida. Shi kuwa iri in ya daɗe ba a mayar da shi ƙasa ba, mutuwa yake yi a tsaye, ido ba ya gani.

Bana da ruwa ya sauka, Inna ta zaro zangarniya ɗaya ta ba ni. Na murje ta, na shuka a tsakar gida gefen rumbu. Masarar maƙwabta ta fito, ciyawa ta fito, nawa shiru. Na tona da yatsa na tarar da ƙwayoyin sun ruɓe. A rami ɗaya kawai, can kusa da katanga, wasu siraran ganye suka leƙo.

Gonar ba na jin za ta dawo, ko da yake har yau ana zuwa zaman sulhu. Abin da ya rage na Baba Tsoho bai kai tsawon tafin hannuna ba, kuma ban san ko zai kai girbi ba.

Da Baba ya ga ganyen, na ɗauka faɗa zai yi. Ya daɗe a tsugune. Sai ya fita, ya dawo da ƙayar magarya ya kewaye wurin. Bai dube ni ba ya ce, "Uwata, ki riƙa ɗaure akuyar nan."