Ni Ban Yafe wa Direban Tankar Ba

Ranar Asabar ce. Na tashi da asuba na ɗora ruwan wanka, na dama koko. Babu wuta tun jiya, don haka da dutsen guga na gawayi na goge wa Malam farar rigarsa. Malam shi ne mijina. Tela ne, shagonsa yana bakin titi a nan Tudun Wada. Ƙanwata ce ta haihu a Jos, washegari suna. Shi bai so tafiyar ba, ɗinki ya yi masa yawa. Ni na matsa masa. Na faɗa da bakina tun yanzu, kada wani ya riga ni.

Ƙarfe shida da rabi ya fita ya sayo ƙosai. Ummi, 'yarmu ɗaya tilo mai shekara huɗu, ta ƙi sa takalmi sai shi ya sa mata. Ya durƙusa yana ɗaura mata yana cewa sarauniyar gidan nan ta fi uwarta mulki. Bakwai da kwata muka kulle ɗaki, na bar mabuɗi wajen maƙwabciyata. Ƙarfe takwas motarmu ta cika a tasha.

Mu bakwai ne a ƙaramar motar hayar. Direba da Malam da wani dattijo a gaba. A baya ni ce a bakin ƙofa, Ummi a cinyata, sai mata biyu masu zuwa sarin dankali. Goma saura muka tsaya a Saminaka aka sha ruwa. Daga nan hanya ta fara hawa, duwatsu suka fara matsowa. Ummi ta yi barci.

Sha ɗaya da minti goma. Na san lokacin don a daidai nan ƙanwata ta kira ta ce ina muke, na duba waya. Muna hawan wata doguwar gangara mai kwana. Dutse a damanmu, kwazazzabo a hagu. Gilashina a buɗe yake. Motarmu tana nishi.

Babbar mota idan tana sauka gangara gurnani take yi, tun daga nesa ake jin ta. Wannan motar kuwa shiru ta zo. Ba hon, ba ƙarar inji. Tayoyi kawai a kan kwalta, shuuu. Tankar mai ce. Ta fito daga kwanar ta bar hannunta ta nufo namu.

Na ga ƙofarta ta buɗe. Na ga mutum da shuɗiyar riga ya diro cikin ciyawa, ya mirgina, ya tashi. Na ga fuskarsa sarai. Bai waiwayo ba. Matsoracin banza, ya saki wannan ƙatuwar a kanmu ya cika wandonsa da iska.

Direbanmu ya yi salati. Bai ƙarasa ba.

Ta daki gabanmu ta matse shi da dutse. Ƙofar da nake jingine da ita ta ɓalle, muka faɗo waje ni da Ummi. Tankar ta kwanta a gefenta. Aka yi tsit. Sai na ji wani abu yana zuba, tsul-tsul, kamar an bar famfo a buɗe. Warin fetur ya cika ko'ina.

Na miƙe. Hannuna na hagu yana lilo, ban ji zafinsa ba. Na je ƙofar Malam. Idonsa biyu. Ƙarfe ya danne masa ƙafafu. Na ja ƙofar da hannu ɗaya, ko motsi. Fetur ya taɓa yatsun ƙafata, sanyi ƙalau.

"Ɗauki yarinyar ki gudu!"

Na sake ja.

"Binta, ki tafi na ce!"

Wani manomi a saman dutse yana ɗaga fartanya yana ihu. "Ki hau sama! Kada ki bi gangara, mai yana bin ƙasa!"

Na saɓa Ummi a kafaɗa na hau. Ƙaya ta yage zanina. Takalmina ya zame, mayafi ya maƙale a reshe na bar shi. Na faɗi sau biyu. Ummi ba ta yi kuka ba, wuyana kawai ta riƙe. Manomin ya sauko ya fizge ta, ya ja ni bayan wani dutse.

Ƙarar fashewar ba ta da ƙarfi yadda za ku zata. Wani bum ne mai nauyi, sai zafi ya doki bayana. Daga nan muryoyi. Na gane guda ɗaya. Ba zan rubuta abin da na ji ba. Ba su daɗe ba.

Muka ci gaba da hawa saboda ciyawa ta kama. Tafiyar kusan rabin awa muka yi ta cikin gonakin masara kafin mu isa ƙauyen manomin. Mata suka ba Ummi ruwa, ɗaya ta yafa mini zaninta. Ƙarfe ɗaya wani mai babur ya kai mu asibitin garin da ke kusa. Aka yi mini allura. Ban sake sanin inda nake ba sai da rana ta fito ranar Lahadi.

Abin da aka yi a bayan idona shi ne wannan.

Yayan Malam, wanda muke kira Yaya Alhaji, ya iso asibitin da la'asar. Aka ce masa ba za a ba da gawa ba sai likita ya duba, sai an yi bincike, kwana biyu ko uku. Sai dai idan dangi sun rubuta cewa ba su da ƙorafi. Wakilin mai tankar ya riga kowa zuwa wajen, da likkafani a mota da hawaye a ido. Mu kuma ba ma barin gawa ta kwana, kowa ya sani. Yaya ya karɓi biro. Sauran dangin da suka iso su ma suka sa hannu. Takardar ta ce haɗari ƙaddara ce, mun yafe duniya da lahira. Kafin magariba aka binne su a maƙabartar ƙauyen.

Mun yafe. Mu wa? Ina kwance taku kaɗan daga inda aka yi wannan rubutu, ba wanda ya jira in buɗe ido.

Ranar Litinin aka dawo da mu Tudun Wada. Na tarar da tukwane a tsakar gida, ana dafa sadakar uku. Na tambayi inda aka sami shinkafa. Aka ce bawan Allah mai tankar ne ya aiko da buhu biyu, mutumin kirki. Da shinkafar wanda motarsa ta ƙone mijina aka yi wa mijina sadaka. Wallahi ko loma ban ci ba, Ummi ma na hana a ba ta.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, hannu a ɗaure, ni da bango. Mata suna shigowa suna cewa Binta sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ina amsawa da amin, zuciyata tana tafasa. Na yarda da ƙaddara, ba sai an koya mini ba. Amma ƙaddara ba ta sa shuɗiyar riga. Duk sallar da na yi sai na ja wa mutumin nan Allah ya isa, ban taɓa fashi ba.

Maƙwabciyata ce ta gaji da ganina a haka. Ta ce akwai wasu lauyoyi mata da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. A sati na shida Barista Hauwa ta zo har ɗakina. Ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna a tabarma, ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ta fito da littafi.

Na nuna mata hoton takardar Yaya. Na ce sun ce magana ta mutu.

Ta karanta sau biyu. Ta ce, "Maman Ummi, yayan mijinki yana da nasa hakkin, shi ya yafe. Naki da na 'yarki ba a hannunsa suke ba. Kuma kisa da tuƙin ganganci shari'ar hukuma ce, takardar dangi ba ta rufe ta."

Tun ranar Asabar ɗin nan ban yi numfashi irin na wannan lokacin ba.

Ta ce in faɗa mata abin da na ji kafin karon. Na ce ban ji komai ba, shiru ta zo. Ta ajiye biro ta sa na maimaita. Daga baya ta yi mini bayani. Wasu masu manyan motoci suna auna wa direba man da zai kai shi ya dawo, abin da ya rage nasa ne. Shi ya sa wasu direbobin idan sun kai saman gangara sai su kashe inji su saki mota ta tafi da kanta. Firi suke ce masa. Birkin irin waɗannan motocin kuwa da iska yake aiki, inji ne ke tara ta. Ka taka ka taka, iska ta ƙare, shi ke nan.

Don ya rage ɗan mai a tanki. Abin da ya ci mutum biyar ke nan.

Ta nemi a duba ragowar tankar. Ina! Tunda an rufe magana, tun sati na biyu aka sayar wa 'yan gwangwan, suka yanka ta gunduwa-gunduwa. Ba rahoton masu duba mota, ba rahoton likita. Takardar Yaya ta share komai tas. Barista ba ta karaya ba. Sau biyu tana zuwa gangarar nan da motarta. A can sama ta sami mata masu gasa masara a bakin hanya. Babbarsu, Mama Saratu, ta ce sun san direban kamar yunwar cikinsu. A wajenta yake sayen masara. Kullum a gabansu yake murɗe mabuɗi, sun sha yi masa faɗa yana dariya. Ranar ma haka ya yi. Ta ce za ta faɗa a gaban kowa.

Aka rubuta aka buɗe shari'a. Ba a sha wahalar nemansa ba. Yana nan yana jan wata tankar, ita ma ta mai waccan ce.

Ranar da labari ya kai wa Yaya Alhaji ya zo ya tsaya a bakin ƙofata, bai shigo ba.

"Binta, kin mayar da ni ƙaramin mutum a idon jama'a. Na ce na yafe, ke kin ce a'a. Kotu za ta dawo da shi ne?"

"Ba za ta dawo da shi ba, Yaya. So nake a kira sunan wanda ya kashe shi a gaban alƙali, ya amsa."

Ya juya. Tun daga ranar bai sake taka gidan nan ba. Na san ba da mugunta ya sa hannu ba, ƙaninsa yake so a suturta. Na sani. Duk da haka ban huce ba.

Shekara ɗaya da wata biyar muna zarya. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauyansu ba lafiya. Ranar da na fara ganinsa a akwatin masu laifi na yi mamakin ƙanƙantarsa. Wani ɗan firit da shi. Ya ce birki ne ya tsinke, ikon Allah ne. Na tashi na faɗi abin da na gani da abin da ban ji ba. Na nuna shi da yatsa. Lauyansu ya ce ai na ruɗe a lokacin, ta yaya zan gane fuska. Na ce masa ko a cikin taron Idi aka saka shi zan zaro shi. Mama Saratu ta zo da kuɗin motarta, ta ƙi karɓar na kowa, ta faɗi nata.

Wata Laraba, sha biyu saura kwata, aka yanke masa shekara uku ba zaɓin tara. Ya fashe da kuka. Na kalle shi har aka fita da shi, ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar zarra. Hukuncin ya yi kaɗan, kuma na faɗa. Mai tankar bai taɓa zuwa ba. Ƙarar da muka shigar a kansa tana nan, Barista ta ce ba za ta sake shi ba. Ni ma haka.

Da muka fito na roƙe ta abu ɗaya. Na ce ta kai ni inda Malam yake kwance, in gaya masa.

Ƙarfe uku muka isa ƙauyen. Mai unguwa ya raka mu bayan gari. Ban shiga maƙabartar ba, a bakin shinge na tsaya. Ya nuna mini wani gefe kusa da itacen ɗorawa. Damina biyu ta wuce a kansu, ƙasa ta kwanta, ciyawa ta fito.

Na ce, "Baba, wanne ne nasa?"

Ya sake duban wajen ɗorawar. Sannan ya ce, "'Yata, wuta ba ta bar abin da za a gane ba. Da an jira likita, wataƙila. Yadda aka kawo mana su, haka muka jera su."

Ba wanda ya taɓa gaya mini. Yaya ya sani.

Na ƙirga. Biyar. Na fara daga dama, na yi wa kowanne sallama da sunan Malam, na gaya masa shekara uku aka ba shi. Sau biyar na faɗa. Sannan muka koma mota.