Ranar da Aka Ba da Amanata a Motar Jiratawa

A gidanmu na unguwar Zariya, a Maradi, kowa ya san hanya. Babana ya yi shekaru yana kai kaya Kano yana kawowa. Yayyena biyu sun san Kotonu da Lome kamar tsakar gidanmu, kuma ko direban gidan yana iya jera maka shingayen jandarma daga Maradi har Gaya bai tsallake ɗaya ba. Ni kaɗai ce na kai shekara goma sha tara ban taɓa shiga mota ba sai da wani a gefena riƙe da jakata. Iyakar tafiyata Tsibiri, gidan kakata, a bayan motar Baba, gilashi rufe. A ɗauke ni a bakin ƙofa, a sauke ni a bakin ƙofa, kamar buhun shinkafa.

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na samu gurbin karatu a jami'a a Yamai. Baba ya ce Goggo, ƙanwarsa, za ta raka ni ta zauna tare da ni har in saba. Na san irin sabon da Goggo take nufi. Ta taɓa zuwa gidan wata ƴar uwa taya jego na mako ɗaya, ba ta dawo ba sai da jaririyar ta fara zama. Na roƙi Baba ya bar ni in tafi ni kaɗai. Na yi kwanaki ina roƙo, har ya gaji ya kafa mini sharaɗi: in zaɓi wani gari kusa, in shiga motar haya da safe, in dawo kafin la'asar, ban kira kowa a waya ba, kuma ba wanda ya kawo ni. Idan na yi haka, Yamai ni kaɗai. Idan na kasa, Goggo ta haɗa kayanta.

Na zaɓi Jiratawa. Wata ƙawata a lise, inda muka yi sakandare, ta sha ba ni labarin ruwan da ke bin kanal, magudanar noman rani, tsakanin garake, da zogale layi-layi, kore shar ko da rani. Abin da nake so bai fi in zauna a bakin ruwan da littafin rubutuna ba, awa ɗaya ko biyu, ba wanda ya san ni, ba mai tambayata ko na ci abinci.

Ana gobe tafiya yayyena suka zaunar da ni a rumfar tsakar gida don su ba ni shawara. Garin da mai kabu-kabu ke zuwa ya dawo shayinsa bai huce ba, shi suka mayar kamar hanyar Agadas. Babban ya ce kada in zauna kusa da ƙofa, ana faɗuwa. Ƙaramin ya ce kada in zauna a tsakiya, ana sata. Kada in ci abin hannun kowa, kada in yi barci, kada in yi magana, amma kada in yi shiru da yawa a gane baƙuwa ce. In an tambaye ni in ce mijina yana jirana a tasha. Suna faɗi suna gyaɗa wa juna kai. Waɗannan su ne mutanen da in za su Lome direba ke ja, yaran kanti ke loda kaya, ni kuma nake goge musu riguna. A cikin wannan tulin hikima babu wanda ya ambaci abu ɗaya da ya kamata a gaya wa mace mai son tafiya ita kaɗai, wato kada ta yarda wani nata ya bi ta tasha.

Da safe na tarar da Goggo a zaure da mayafinta. Ta ce ba rakiya take yi ba, kasuwa za ta, hanya ce ta haɗa mu. Hanyar nan ta haɗa mu har cikin tasha, har bakin motar Jiratawa. Na shiga na samu gefen taga, na ɗora jakata a cinya. Goggo ta leƙo tana duba fasinja ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir. Idonta ya tsaya kan wata tsohuwa siririya da ke gefena, zaune kan buhunan da ta naɗe, suna ƙamshin ɗanyen ganye. Mai sayar da zogale ce, ta kawo kayanta tun asuba ta sayar, za ta koma gida.

"Inna, Jiratawa za ki?" in ji Goggo.

"Can nika kwana, can nika tashi."

"To ga ɗiyata nan. Amana ce na ba ki, ba ta san ko'ina ba."

Tsohuwar ta juyo ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, ta ɗora hannunta a gwiwata, ta ce ta karɓa, Allah Ya ba ta ikon riƙewa.

A lokacin na ɗauka irin maganar tasha ce da ake yi a manta. Na sha jin ta a bakin mutane. Ashe akwai waɗanda in sun ce sun karɓa, to sun karɓa ɗin ne, kuma ba su sauke ta sai a bakin ƙofar gida, hannu da hannu, a gaban wanda zai ce ya gani.

Hannun nan bai bar gwiwata ba har muka fita gari. Na so in kalli hanya, in ga yadda gidajen siminti ke ƙarewa gonaki su fara, amma Inna ta ce iska za ta sa mini mura, ta miƙa hannu ta ja tagar. Ta ɓare gyaɗa ta zuba mini a tafi. Ta sanar wa duk motar cewa ni amana ce, daga nan kowa ya samu abin yi. Wani dattijo a gaba ya ce a gyara wa ƴar mutane wuri. Direba ya rage rediyo. Wata mai goyo ta tambayi ɗiyar wane ce ni, da na faɗi unguwa kawai, su uku suka haɗu suka gano gidanmu, har da launin ƙofa.

Da muka sauka Inna ta ɗora buhunanta a ka, ta kama wuyan hannuna, ta tambayi gidan wa zan je. Na ce ba gidan kowa. Ta tambaya ko biki ne, ko suna, ko gaisuwar rasuwa. Na ce kanal na zo gani.

Ta sauke buhunan ƙasa. "Ruwa kika zo kallo, ƴar lakwal? Pampon Zariya ya ƙafe?"

Na yi mata bayani da kalmomi mafi sauƙi da na sani. Ta saurara da irin fuskar da ake sauraron mai zazzaɓi. Sannan ta yanke cewa kunya ce ta hana ni faɗin gidan, ko kuwa na manta, don mutum ba ya shiga mota ya zo gari ba wurin kowa ba. Tunda ta ga littafi a hannuna, ta ja ni gidan wani malamin lakwal, wato makarantar boko. Matarsa ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta ce ba ta san ni ba, kuma ba za ta karɓi amanar da ba a gabanta aka ɗaura ba. Muka wuce gidan wata da ɗiyarta ke aure a Zariya. Nan ma kwaɗon zogale, nan ma a'a. Gida huɗu muka shiga. A kowane sai Inna ta maimaita labarina daga tasha, mata su taru su dube ni da tausayi, ɗaya ta ce karatu ne in ya yi yawa. Ni da aka ce kada in ci abin hannun kowa, kafin azahar numfashi ma da ƙyar nake yi.

Daga ƙarshe ta ce tunda ba mai karɓa, ina nan a wuyanta. Ta tafi da ni garkarta, tana da ganyen da za ta tsinka na gobe.

A nan na ga ruwan. Ƙawata ba ta yi ƙarya ba. Yana tafiya a hankali cikin kanal ɗin siminti, rana tana karyewa a kansa, ƙananan ganye suna bin sa kamar an aike su. Zogalen gajere ne, an sassare shi daidai ƙugu, iska in ta taɓa shi sai duk garkar ta yi motsi ɗaya. Na zauna na buɗe littafina. Ban gama layi ba Inna ta zauna jikina, kafaɗa da kafaɗa, tana tambayar wa nake rubuta wa, ko saurayi ne, ko shi ya ce mu haɗu nan bai zo ba. Ta ce in matsa daga bakin ruwa. Ta ba ni kwano in taya ta tsinka, don hannu in yana aiki tunani ba ya yawa.

Bayan mun yi sallar azahar a gindin mangwaro na gaya mata gaskiyar komai: sharaɗin Baba, da Yamai, da Goggo. Na ce abin da nake roƙo kawai ta bar ni in taka zuwa bakin hanya in shiga mota ni kaɗai. Har hawaye sai da na yi. Ta goge mini da bakin zanenta, kuma na ga abin ya taɓa ta.

"Wannan magana taki ce da Alhaji," ta ce. "Tawa da goggonki muka yi ta, kuma Allah na ji."

Ta bar ganyenta rabi a tsinke, ta shiga gida ta sako mayafin fita unguwa, ta koma Maradi karo na biyu a rana ɗaya saboda yarinyar da ba ta san sunanta ba sai da hantsi. Har yau ban san yadda zan yi fushi da ita yadda ya kamata ba. Fushin nawa yana wurin waɗanda suka mayar da kirkin irin su Inna igiya, suna ɗaure ƴaƴansu da ita daga nesa, su koma gida su ce ai sun bar ki kin tafi ke kaɗai.

A bakin layinmu na roƙe ta ta tsaya nan, ga ƙofar can tana gani. Ta ce ganin ƙofa ba shi ne miƙawa ba. Ta yi sallama da muryar da ta saba tallar ganye da ita. Baba yana zaune a rumfa da yayyena, ko kiran la'asar ba a yi ba. Inna ta durƙusa ta gaishe shi, ta kama hannuna ta ɗora a na Goggo, ta ce ga amana nan lafiya lau, ta ci ta sha, sai dai a riƙa lura da ita kusa da ruwa.

Bayan an sallame ta na ce wa Baba ba ni na karya sharaɗi ba, Goggo ce ta karya a tasha. Goggo ta ce ita ko ƙafa ba ta sa a mota ba, magana kawai ta yi, kuma in ba don maganar ba da yanzu ana nemana a garake. Babban yayana ya ce dama ya faɗa. Baba ya ce shi abu ɗaya ya gani da idonsa, an kawo ni.

Goggo ta raka ni Yamai da akwati biyu da turmi ƙarami. Ba ta koma Maradi ba sai da muka gama jarrabawar farko.