Ranar da Na Bar Mai Lamba Tara a Benci

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba zan manta da wasan ƙarshe na gasar kwalejoji da muka buga a Jega ba, a shekarata ta farko ina koci.

Kafin nan ni ma ɗan wasan kwalejin ne. Na karye a ƙafa, mai ɗori ya ce in huta wata biyu, na koma fili a mako na biyar. Wurin ya sake karyewa, wasana ya ƙare, na koma horarwa.

Saura mako shida a yi wasan, ɗan gabanmu mai lamba tara, ɗan wani manomin albasa daga Sabiyal, ya samu tsagewar ƙashi a ƙauri. Aka kai shi Aliero wajen wani dattijo mai ɗori. Ana gobe wasa na mayar da shi da kaina. Dattijon ya daɗe yana latsa ƙaurin, sannan ya ce, "Malam koci, tahiya ya iya, gudu ya iya. Amma duka guda ya ishe shi."

Shugaban sashen wasanni ya ce in sa shi, idan kuwa na ƙi aka ci mu, in nemi wani aikin. Ɗan wasan ma ya ɗaure takalminsa, ya ce ƙafarsa ce ba tawa ba. Na cire sunansa daga jerin.

Minti ashirin da farawa aka zura mana ɗaya. 'Yan kallo suka ɗauki waƙar a sa tara, wani daga baya yana tambayar buhun albasa nawa aka ba ni. Da aka tafi hutun rabin lokaci, na ɗauko wani dogon mai tsaron baya ɗan Karaye na kai shi gaba, na ce wa 'yan gefe kada ƙwallo ta sake zuwa masa a ƙasa. Sau biyu ya sa kai, sau biyu raga ta motsa. Na biyun saura minti uku a tashi.

Da aka tashi wasan, mai lamba tara ne ya fara rugowa cikin fili, ni kuma ina bin sa ina cewa ya yi a hankali. Bayan nan ya buga mana shekara biyu cur, yanzu yana horar da matasa a Maiyama.

Abin da na koya shi ne, ƙafar ɗan wasa amana ce a hannun koci. Da an ci mu a ranar, da na rasa aikina, kuma da hukuncin da na yanke bai tashi daga daidai ba.