Ɗangoggo da Sunayen Fadamu

Shekara talatin da ɗaya Ɗangoggo ya yi yana goge gilashin akwatunan nuni a wani ƙaramin gidan adana halittun daji da ke hanyar Kwali. Kafin nan maharbi ne a Yangoji. Rabin abin da ke cikin akwatunan shi ya kawo: gauraka, zalɓe, ƙoƙon kan kada, duwatsun Mpape masu ƙyalli kamar an barbaɗa musu gishiri. Shi yake feɗe tsuntsu, ya cusa wa fatar auduga, ya karkata wuyan yadda ya gan shi da rai.

Bai yi boko ba. Amma in ya tsaya gaban akwati da tsumma a hannu, sai ƙanshin laka ya taso masa, ya ga ruwa ya dawo inda benaye suke yanzu, ciyawa tana kaɗawa har ƙugu.

Bana gara ta cinye tsofaffin katunan bayani. Madam Lucia, sabuwar shugabar gidan, ta buga sababbi. Da ta karanta masa, sai ya ji a gurbin inda aka samo kowace halitta kalma ɗaya aka sa: Abuja.

"Madam, gaurakan nan bai taɓa jin sunan Abuja ba."

"To ina ne, Baba?"

"Fadamar Kuka Uku."

"Babu shi a taswira fa."

"Ai ya girmi taswirar taki."

Ta yi dariya. "Kai da tsuntsayenka sai kun tsufar da ni. Jibi za a manna katunan."

In aka manna su haka, shi ke nan. Babu mai riƙe da sunayen nan sai shi, ga shi mantuwa ta fara kama shi.

Washegari ta zo da biro, suka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Yana lumshe ido yana faɗa: Rafin Maƙera, Dutsen Kurciya, Tafkin Yumɓu inda mata masu ginin tukwane ke haƙa da rani. Ta rubuta arba'in da bakwai don a sake buga katunan.

A gaban wata bushiya ya daɗe tsaye. A ransa ya ga ɗorawar da ya kama ta a gindinta, ya ga hasken hantsi a ganyenta, har bakin ramin ya gani. Sunan wurin ya ƙi zuwa.

"A sa Abuja?" ta tambaya a hankali.

"A'a, 'yata. Gwamma a bar wurin fari da a yi mata ƙarya."

Haka aka manna katin.