Kazar da Aka Karya Domina

Wata Laraba a lokacin kashu, ina aji huɗu na firamare a Lafiya, na faɗo daga bishiyar bayan ajinmu. Na tokare ƙasa da hannun dama, sai na ji ƙas a gwiwar hannu. Kafin la'asar Baba ya goya ni a babur zuwa wajen wani mai ɗori a hanyar Doma, da kaza ɗaure a bayana. A gabana tsohon ya karya ƙafar kazar ya ɗaure ta. Sannan ya tauna wata saiwa ya tofa mini a hannun, yawu ja mai kumfa yana gangara har hammata, ya shafa man shanu, ya jera kara ya ɗaure tamau da tsumma. "Ranar da kaza ta taka ƙasa, yarinya ta warke," in ji shi.

Daga ranar kowa a gidanmu kazar yake dubawa. Inna tana ɓarar agushi idonta na kanta, a watsa mata tsaki, a kore mata zakara. Ni kuwa ina kan tabarma kusa da rumbun doya, yatsuna sun kumbura suntum, ko jin su ba na yi. Sai wari. Allah ya raba ku da irin warin nan, man shanu da gumi da wani ruwa rawaya da ke tsatsowa ta tsumman, ƙudaje suna bina har bayan gida. Ƙannena suka daina cin tuwo kusa da ni. Ni kaina ƙyamar hannun nake yi, in kau da kai in tofar da yawu. Kwana biyar kaza ta fara ɗingishi, gida ya ɗauki murna.

Goggo Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga Azuba, ita ce ta sauke ƙwarya ta sunsuna hannun. Ta ce wa Baba, "Malam, naman nan mutuwa yake yi." Baba ya nuna mata kaza tana tsince-tsince. Ta dube shi ta ce, "Kazar ce 'yarka?" A ranar aka kai ni asibiti.

Da nas ta yanke tsumman, fata ta biyo kara, na sheƙa amai a takalminta. Likita ya duba hoton ƙashin ya ce saura ƙiris da sai an yanke hannun. Aka shiga da ni tiyata, aka kankare ruɓaɓɓen nama, aka mayar da ƙashi wurinsa aka soke shi da siraran ƙarafa biyu, kawunansu a waje kamar tsinken tsire. Bayan wata guda aka zare su da filaya ina kallo.

Hannu ya tsira, amma yatsu biyu sun lanƙwashe, da hagu nake rubuta wannan. Yanzu yaro na faɗuwa ana cewa a je asibiti a ɗauki hoton ƙashi, sai dai har gobe in na ga kaza ɗaure a bayan babur kau da kai nake yi. Goggo Dije ta rasu ban girma na gode mata ba, ina kewar sallamarta a zaurenmu. Kazar kuwa ta warke sarai, har 'ya'ya tara ta ƙyanƙyashe.