Anti Hatimi da Kwamfutar da Ta Yi Gum

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakinta na ƙarshen baranda, kusa da inda ake ajiye tsintsiya. Ta kunna fanka don injina, ba don kanta ba. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, amma rabin ma'aikatan ba su san sunanta ba. Anti Hatimi suke ce mata.

Ga aikin nata. Manhajar ofis ba mutum ɗaya ke rubuta ta ba, ana aro guntaye daga hannun wasu a haɗa. Kwamfuta kuwa mai gadi ce mai taurin kai: guntun da bai zo da shaida ba, ba ta ba shi izinin shiga. Anti ce ke bincikar baƙon, ta buga masa hatimin ofis. Wato ta ce, "Na san shi, in ya yi ɓarna a tambaye ni."

A hawa na biyu akwai Kawu, mai amsa wasiƙun jama'a. Ba ya gani, kwamfutarsa ce ke karanta masa da murya. Bara aka sabunta injinan ofis, sai tasa ta yi gum, ta ƙi guntun da ke yin muryar. Da aka kwana uku, manaja ya ce in ba ta yi magana ba zuwa Alhamis, Kawu ya je gida ya huta. Kowa ya san irin wannan hutun.

Manaja ya sauko da kansa. "Anti, ki kashe gadin nan gaba ɗaya mana."

"Ranka ya daɗe, ba a cire ƙyauren gida don baƙo ɗaya."

"To ga wani guntun murya na samo a intanet, buga masa."

Ta karɓa, ta wuni tana bin sa layi-layi. Karatu yana yi, amma duk abin da ya karanta sai ya aika waje a ɓoye. Wasiƙun mutane ne fa, da cutarsu da sirrinsu. Ta ƙi.

Kawu ya laluba ya zo ƙofarta. "Ƙanwata, ki buga kawai. Abincina ne."

"Na sani, Kawu. Ka ba ni gobe."

Ta rubuta wa ainihin waɗanda suka ƙirƙiri muryar, suka turo na gaskiya. Shi ma ba ta ɗaga masa ƙafa ba, sai da ta bi shi kaf. Ranar Alhamis da hantsi ta buga hatimi. Kawu ya danna, kwamfuta ta buɗe baki.

"Oho, ta dawo da surutunta," in ji shi. "Har ta fi matata." Aka yi dariya.

Anti, ke ce aka yi wa kallon mai taurin zuciya kwana biyu, ba ki kare kanki ba. Ke ce ba ki taɓa shaidar abin da ba ki gani da idonki ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Wanda zai gaji kujerarki, da duk mai riƙe da hatimin wani, ya karanta kafin ya buga. Kawu na nan a hawa na biyu, yana amsa wasiƙu.