Lasifikar da Kawu Ya Tsaga

Shekara talatin da biyu Kawu Mai Rediyo ya yi a shagonsa na ƙarƙashin bene, tsakanin tela da mai yankan gilashi, kuma lasifika ba ta taɓa barin hannunsa tana gurnani ba. Taurin kai kam akwai shi, amma kunne Allah ya ba shi. Sai ya riƙe maka rediyo kwana uku saboda wata 'yar ƙara da shi kaɗai ke ji. Bai tara gida ba, bai tara mota ba. Sunan nan na mai tsaftar aiki shi ne duk dukiyarsa, yana kuwa ji da shi.

Auta, 'yar ƙanwarsa, ita ta zo masa da jarrabawa. Kiɗan da ake kira hebi metal take yi da abokanta uku: ganguna kamar ana rusa gini, jita na ruri, ita kuma tana waƙa da iyakar maƙogwaronta. Waƙarsu ta farko za su naɗa, wadda ta rubuta bayan rasuwar mahaifinta. Sau biyu suna shiga situdiyo, jitar na fitowa sumul.

"Kawu, so nake ka tsaga mini lasifika," in ji ta.

"In yi me?"

"Ka tsaga takardarta da reza. Waƙar nan ba ta ladabi ba ce. Baƙin cikina ba haka yake fita ba."

"Ke Auta, ki ji tsoron Allah! In aka ji a layin nan na ɓata lasifika da hannuna, wa zai ƙara kawo mini gyara?"

Ba ta yi gardama ba. Ta rera masa baiti ɗaya, a hankali. Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, don mahaifin nata abokinsa ne tun kafin ya zama surukinsa.

Ko ɓarnar ma sai da ya yi mata tsari. Ya sa mai jita ya kaɗa, ya tsaga kaɗan, ya saurara, ya ƙara tsagawa. Lasifika huɗu ya lalata kafin ta biyar ta yi kukan da ya sa Auta ta dafa bango. Da ita aka naɗi waƙar washegari, ya dai roƙe su kada su ambaci sunansa.

Bayan wata biyu wani direba ya dire rediyonsa a teburin Kawu, shago cike da mutane.

"Duba mini, Kawu. Da an sako wata sabuwar waƙa sai ya kama gurnani. Ga ta ma, ji!"

Kawu ya saurara har ƙarshe, bai bari an rage sauti ba. Ya dubi tela, ya dubi mai gilashi.

"Rediyonka lafiyarsa ƙalau," ya ce da ƙarfi. "'Yata ce ke waƙar. Gurnanin kuma aikina ne."